Amsoshin Tambayoyinku: Ina Talaka Za Ta Samu Lauyan Raba Aure a Abuja?

Tambaya

Ni 'yar Funtuwa ce, aure ya kawo ni Abuja, muna zaune a Kubwa. 'Ya'yanmu uku, babbar tana aji huɗu na firamare, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Tun bara zaman ya ƙi daɗi. Mijina ya daina cefane, kuɗin makaranta daga ɗinkin da nake yi yake fita, in na yi magana sai duka. Iyayena sun kira shi, ƙanin mahaifinsa ma ya yi masa faɗa, ba abin da ya sauya. Yanzu ya ce ba zai sake ni ba sai na biya shi duk abin da ya kashe, tun daga na-gani-ina-so har lefe, kuma ko na biya, yara nasa ne. Na je wurin wani lauya a Wuse, kuɗin da ya yanka mini ko na sayar da keken ɗinkina ba zan haɗa rabi ba. A masallaci aka ɗaura aurenmu, ba mu je rajista ba. Don Allah ina talaka irina za ta samu lauya mai sauƙi ko na kyauta a garin nan?

Daga wata 'yar'uwa, Kubwa.

Amsa

Allah ya kawo miki mafita, ya raya yaran nan bisa alheri.

Wuraren da ake samun lauya kyauta suna nan, kuma zan gaya miki su. Amma bari mu fara da maganar da kika saƙala a ƙarshen wasiƙarki kamar ba ta da nauyi, cewa a masallaci aka ɗaura aurenku. Ita ce ta fi komai rage miki kashe kuɗi.

Kotu iri uku ce ke raba aure a Abuja, kuma yadda aka ɗaura auren shi ke nuna ƙofar da za a shiga. Wanda aka yi a rajista, ko a cocin da ke da lasisin ɗaura aure na doka, sai Babbar Kotun Birnin Tarayya. Na gargajiya yana zuwa kotun gargajiya, irin ta Jikwoyi ko ta Nyanya. Naki na Musulunci ne, saboda haka hurumin kotun yanki ne, kuma akwai ta a Kubwa ɗin da kike, ba sai kin hau motar cikin gari ba. Akwai irinta a Dei-Dei, da Kado, da Zuba, da Gwagwalada, da sauran wurare. Sama da su a maganar aure da saki da riƙon yara akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Birnin Tarayya, wadda tsarin mulkin 1999 ya tanada.

Kotun yanki jikar kotun alƙali ce ta zamanin En'e. An gina ta ne a kan mutum ya zo da ƙafarsa ya faɗi kukansa da bakinsa. A da ma doka ba ta barin lauya ya tsaya a irin waɗannan kotuna a Arewa, sai a shekarun 1980 manyan kotuna suka buɗe musu ƙofa. Har gobe babu dokar da ta ce sai da lauya za ki shigar da ƙara. Za ki je ofishin rajistara, ki faɗi wanda kike ƙara da abin da kike nema, ki biya kuɗin buɗe fayil da na kai sammaci, a sa muku rana. Kuɗin ba ya kama ƙafar abin da aka yanka miki a Wuse. Duk abin da kika biya ki karɓi rasit. In Hausa kika fi sakewa da ita ki faɗa tun farko, ko alƙali ya ji ki kai tsaye ko a sa tafinta.

Ki yi hattara da masu tare mutane a bakin kotu, waɗanda ke cewa sun san alƙali ko za su sa a gama miki a zama ɗaya. Ba ma'aikatan kotu ba ne, ba lauyoyi ba ne, kuma kuɗin da ya shiga aljihunsu ya tafi kenan. Ki wuce su ki shiga ofis.

Ban ga laifin lauyan Wuse ba. Hayar ofis a can ba wasa ba ce, kuma tun 2023 akwai ƙa'idar da ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauyoyi za su caja. Amma ki lura da yadda shari'ar aure ke tafiya. Da wuya alƙali ya raba aure a zaman farko. Zai ce a je a yi sulhu, ya nemi waliyyai, wani lokaci ya naɗa masu sasantawa biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 35. Za a ɗage zama, a sake ɗagewa. Yawancin lauyoyi kuma, ban da kuɗin aiki, suna karɓar kuɗin mota a kowane zama. Kin ga kenan mai ƙaramin ƙarfi za ta iya ƙarar da jarinta tana biyan lauya ya zo ya ji an ce a dawo bayan mako biyu.

Inda sanin shari'a ke da tsada shi ne abin da za ki buɗe baki ki nema a ranar farko. Nan nake so ki natsu sosai.

Hanya biyu ce ta fi shahara da mace ke fita daga aure ta kotu. Ta farko khul'i, wato fansar kai: ba sai kin kawo laifin miji ba, kin dai ce zaman ya ishe ki, ki mayar masa da wani abu, aure ya ƙare. Ta biyu, ki nemi alƙali ya raba auren saboda cutarwa, kamar duka, ko zagin cin mutunci, ko hana ci da sha. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, idan cutarwa ta tabbata alƙali yana da ikon raba auren ko miji bai so ba, kuma matar ba za ta biya ko kwabo ba. Malaman mazhabar sun kai ga cewa macen da ta riga ta biya kuɗin khul'i, daga baya ta kawo shaidun cewa cutar da ita ake yi, za a mayar mata da kuɗinta. Rashin ciyarwa ma dalili ne mai zaman kansa: alƙali zai ba miji wa'adi ya gyara, in ya kasa a raba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mata da yawa ke shiga ofishin rajistara a gajiye, ido ya kumbura da kuka, a tambaye su me suke so, su ce su dai ya sake su, ko nawa ne su biya shi. Sai a rubuta khul'i. Ta ci kanta tara da bakinta alhali ita ke bin bashi. Ke, bisa abin da kika rubuto, kina da duka kina da rashin ciyarwa. Da su za ki fara.

Sai dai alƙali ba ya hukunci da hawaye, hujja yake nema, kuma a nan zaman Abuja ke cutar mace. A Funtuwa duk unguwa ta san halin da kike ciki. A gidan haya na Kubwa kuwa, maƙwabcin da ya raba ku faɗa jiya gobe ya kwashe kayansa ya koma Lugbe, wanda ya rage kuma ya ce ba ya shiga sha'anin mata da miji. Tun yanzu ki san mutanen da suka gani ko suka ji, ki ajiye lambobinsu. Ƙanin mahaifin nasa da ya yi masa faɗa shaida ne mai ƙarfi in zai yarda ya faɗi abin da ya sani. Malikiyya ta yi sauƙi a wannan babin, domin tana karɓar shaidar abin da ya bazu a bakin mutane cewa wane yana cutar da matarsa, ko da ba su tsaya a kansa suna kallo ba. In ya sake taɓa ki, ki je Babban Asibitin Kubwa a ranar, a duba ki a rubuta, ki riƙe katin. Rasit ɗin kuɗin makaranta, alat ɗin banki da ke nuna daga asusunki kuɗin ya fita, saƙonnin WhatsApp da ya yi miki barazana a ciki, kada ki goge ko ɗaya, kuma ki tura kwafinsu wayar wani naki da kika amince da shi.

Idan hujja ta gaza, khul'i yana nan bai gudu ba. Ko a nan ma, lissafin da mijinki ke yi ba shi ne doka ba. Galibin alƙalai sadaki suke dubawa. Lefe kyauta ce, an sa an tsufar, kuma ba shi kaɗai zai yanka farashi a gaban kotu ba. Tarkon da nake jiye miki daban ne. Wani mijin sai ya ce ya yafe kuɗin, amma ta bar masa yara, ko ta ɗauke masa ciyar da su. Mace mai neman tsira sai ta ga an yi mata rangwame, ta ce ta yarda. Irin wannan sharaɗi yana iya ɗaure ki. Kada ki amsa shi da baki a gaban alƙali, kada ki sa hannu a wata takarda a gida ko a gaban masu sulhu, sai wanda ya san shari'a ya karanta miki.

Maganarsa ta cewa yara nasa ne, rabinta gaskiya ce. Nasa ne wajen suna, da walicci, da ciyarwa. Riƙo kuwa, wanda malamai ke kira hadana, uwa ce a gaba. A Malikiyya ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta yi wani auren da wanda ba muharramin yaran ba, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye wurin uba, yana komawa wurin kakarsu ta wajen uwa in ta cika sharuɗɗa. A duk tsawon lokacin nan ci da sha da sutura da magani suna wuyan uba gwargwadon ƙarfinsa. Al'adarmu ta kwashe yara da zarar an yaye su ita ta sa mata da yawa suke zaton ba su da haƙƙi.

Akwai wani sharaɗi da ya shafe ki kai tsaye, wanda ba kasafai ake gaya wa matan da aure ya kai su nesa da gida ba. Littattafan Malikiyya sun ce idan mai riƙo za ta ƙaura da yaro zuwa gari mai nisa, nisan da ya haura kilomita 100, da niyyar zama can, uba yana iya neman a ba shi ɗansa. Funtuwa ta wuce haka nesa ba kusa ba. Saboda haka in kin san gida za ki koma bayan idda, kada ki ɓoye. Ki tayar da maganar a gaban alƙali, a yi yarjejeniya a kan inda yaran za su zauna, da makarantarsu, da lokacin da za su riƙa zuwa hutu wurin ubansu, a rubuta a cikin hukunci. Wannan gaɓar ita ce na fi so ki samu lauya a kanta.

To, ina lauyoyin?

Ni da FIDA zan fara, ƙungiyar mata lauyoyi, wadda ke aiki a Najeriya tun 1964 kuma tana da reshe a Abuja. Aikinta kenan tsaya wa mata da yara marasa ƙarfi ba tare da kuɗin aiki ba, kuma rikicin aure da riƙon yara shi ne abin da suka fi gani. Sukan fara da kiran miji a zauna, in ya ƙi a tafi kotu. Sai ƙungiyar WRAPA, wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa a 1999, hedikwatarta a nan Abuja. Ita ta daɗe tana aiki a kan haƙƙin mata a ƙarƙashin shari'ar Musulunci, tare da malamai da alƙalai na Arewa, don haka in kika ce khul'i ko hadana ba za a tsaya kallonki ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba kowane lauya ya ƙware a fiƙihun aure ba, ko da ya iya shari'ar filaye da kwangila. Duk wanda aka haɗa ki da shi, ki tambaye shi cikin ladabi ko ya saba tsayawa a kotun yanki. Ƙungiyar lauyoyi Musulmi, MULAN, ita ma wurin tambaya ce, kuma matan ƙungiyar mata Musulmi, FOMWAN, na unguwa sukan san wanda za su haɗa ki da shi.

Ta gwamnati ita ce hukumar ba da agajin shari'a, wadda za ki ga an rubuta Legal Aid Council a allonta, a Area 11 ta Garki. An kafa ta a 1976, yanzu tana aiki da dokar 2011. An yi ta ne domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato Naira 70,000 a wata tun 2024. Mai ɗinki a gida wadda ke ciyar da yara uku tana da bakin magana a nan. Gaskiya ƙarfinsu ya fi karkata ga waɗanda ke tsare a gidan yari, kuma aikin ya fi yawan lauyoyinsu, amma suna ba da shawara, suna yin sulhu, suna kuma tura mutum ga lauyoyi masu zaman kansu da suka yi rajistar aikin sa-kai. Kada ki ji kunyar neman wannan. Dokar 2011 ɗin ta ce lauyan da ke neman muƙamin babban lauya, wato SAN, sai ya nuna ya yi aƙalla shari'a uku kyauta, kin ga su ma suna da buƙatar irinki.

Akwai kuma ɗakunan taimakon shari'a na ɗalibai a Jami'ar Abuja da Makarantar Lauyoyi ta Bwari, wadda ba ta da nisa da ke. Ɗalibai ne, ba za su tsaya miki a gaban alƙali ba, amma malamansu na duba aikinsu, kuma za su iya tsara miki bayaninki su nuna miki hanya.

Kyauta ba ta nufin ba za ki kashe komai ba. Kuɗin kotu, da na kwafin takardu, da na motarki, wani lokaci har da ta lauyan, suna kanki. Akwai jira, akwai a ce ki dawo mako mai zuwa. Ki je da wuri, da takardunki a jere, da labarinki a taƙaice bisa tsarin yadda abubuwa suka faru. Lauyan da ke da mutum goma a layi ya fi saurin ɗaukar wadda ta zo a shirye.

Idan duk waɗannan sun yi miki jinkiri, akwai hanyar tsakiya, kuma ke tela ce za ki gane ta. Kin san masu kawo miki yadi su ce yanka kawai za ki yi, ɗinkin a gida za a ƙarasa. Lauya ma ana yi da shi haka. Ki nemi matashin lauya mai ofis a Kubwa ko Dutsen Alhaji, ki biya kuɗin ganawa ɗaya, ya saurare ki, ya rubuta miki abubuwan da za ki nema da tambayoyin da za ki yi wa shaidunki, ke ki riƙa zuwa kotu da kanki. Ranar sauraron shaidu ko ranar maganar yara sai ki biya shi ya zo. Ku yi ciniki tun farko, a rubuce, har da kuɗin mota. Lauyan gaskiya yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi, NBA, mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda yake liƙawa a takardun da ya rubuta. In babu, ki kama gabanki.

Duka kuwa ba maganar aure kaɗai ba ce, laifi ne. Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda ake kira VAPP, tana aiki a Abuja, kuma hukumar NAPTIP ce ke kula da aiwatar da ita. A ƙarƙashinta, korar mata ko miji daga gida da ƙarfi yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 2, watsi da iyali ba ci ba sha kuma har shekara 3, kuma kotu tana iya ba da umarnin kariya da zai hana shi kusantarki. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama ita ma tana karɓar ƙorafi kyauta, kuma takardar gayyatarta kaɗai takan sa wani mijin ya tuna hanyar kasuwa. Ban ce lallai ki kai uban 'ya'yanki gidan yari ba, wannan shawara ce da za ki yanke ke da iyayenki. Mutane za su ce miki kada ki yi yaji, domin zai ce kin fita ba izininsa, ciyarwa ta faɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ya fi kyau ƙara ta riga fita. Amma daren da kika ga ranki yana cikin haɗari, ki ɗauki yaranki ki fita, ki sanar da waliyyinki, washegari ki kai rahoto.

Kalma biyu ga sauran masu karatu. Mazauna Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa suke, na Suleja da Madalla a jihar Neja, ko da kullum a Abuja suke wuni, don haka kotunan jihohin nan ne nasu, kada a ɓata kuɗin mota. Wadda kuma aka yi nata auren a rajista, lissafinta daban ne: dokar 1970 ce ke aiki, sai an nuna wa Babbar Kotu cewa auren ya lalace ba gyara, ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu ko wani dalili da doka ta keɓe, kuma hukuncin farko sai ya yi wata 3 kafin ya tabbata. Takardun suna da yawa, a can kam da wuya a yi ba lauya. Maza marasa ƙarfi su ma ƙofar hukumar Area 11 a buɗe take gare su.

Ranar da aka yanke hukunci, ƙanwata, tsugune ba ta ƙare ba. Kada ki bar maganar ciyarwa a “zai riƙa kawowa”. Ki roƙi alƙali ya faɗi adadi, ya faɗi ranar biya a kowane wata, ya ware kuɗin makaranta da na asibiti daban, kuma a riƙa biya ta asusun banki ko ta hannun kotu domin a samu shaida. Ki nemi takardar raba aure da kwafin hukunci mai hatimi a makon, ki yi musu hoto. In bai biya ba, kotun da ta yi hukuncin za ki koma da takardarki ki nemi a tilasta shi. In kuma hukuncin ne bai yi miki ba, wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, kada ki tafi Funtuwa huce haushi sai kin nuna wa lauya kwafin.